Kwana Huɗu a Kan Jar Ƙasar Marakesh

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na fara tsintar ƙwallo a wani ƙaramin filin tanis na ma'aikata a garinmu. Filin na jar ƙasa ne. Kullum da yamma, idan manya sun gama wasa, mu yara mukan ɗauki tsofaffin raket ɗin da suka bar mana, mu yi ta bugu har magariba ta kore mu, mu koma gida da ƙafafu jajawur kamar mun sha lalle. Tun daga lokacin nake da buri guda: in ga ƙwararrun duniya da idona suna wasa a kan irin wannan ƙasa. Sai a watan Afrilun 2024 Allah Ya cika mini, a birnin Marakesh na ƙasar Maroko, inda ake gasar Sarki Hassan na Biyu. A duk jerin gasannin ATP, wato ƙungiyar ƙwararrun maza masu wasan tanis, ita kaɗai ake yi a nahiyar Afirka.

Ranar Alhamis 4 ga wata na tashi daga Legas, bayan na yi sahur a filin jirgi. Na bar gida muna azumi na 25, na sauka Kasablanka na tarar suna na 24, domin sun ɗauki azumi kwana ɗaya bayanmu. Agogonsu ma na tarar yana bayan namu da awa guda, saboda mutanen Maroko sukan mayar da agogo baya idan Ramadan ya kama, su dawo da shi bayan salla. Daga ƙarƙashin filin jirgin Muhammadu na Biyar na shiga jirgin ƙasa, na sauya wani a cikin Kasablanka, muka miƙa kudu tafiyar kusan awa uku. Da farko gonakin alkama ne ta kowane gefe. Sannu a hankali kore ya yi ta ja da baya, ƙasa ta fara yin ja, duwatsu suka yawaita, har muka fara hango dabino. Can nesa da bayan gari ga tsaunukan Atlas, kansu fari fat da ƙanƙara, alhali mu a ƙasa rana na dukanmu.

Ba banza ake kiran Marakesh jan birni ba. Ganuwarta, wadda ta kai tsawon kilomita 19, da jar ƙasa aka gina ta, kuma gidaje da shaguna har da sababbin otal-otal duk launin suka bi. Bakano idan ya tsaya a gindinta dole ya tuna da badala. Murabiɗai ne suka kafa birnin wajen shekarar 1070, kuma har yau hasumiyar masallacin Kutubiyya, mai tsayin mita 77, ita ce alamar da baƙo yake bi idan ya ɓace. Na sauka a wani ƙaramin masauki cikin tsohon gari. A lungunan da na ratsa na ga bangaye da dama an tokare su da katakai, sauran ɓarnar girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023, wadda ta hallaka mutum kusan 3,000, akasarinsu a ƙauyukan kan tsauni. Wata bakwai ke nan da faruwarta, mutane kuma sun koma harkokinsu, masu gyara suna ta gyara.

Da aka kira magariba, mai masaukin ya hana ni shiga ɗaki. "Ɗan'uwana, baƙo ba ya shan ruwa shi kaɗai a gidan nan," in ji shi. Aka kawo dabino, da harira, wata miya mai kauri ta tumatir da wake da nama, da shabbakiya, soyayyen fulawa da aka tsoma a zuma aka barbaɗa masa riɗi. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya yi murna ƙwarai, ya kwatanta mini hanya: in fita ta ƙofar ganuwa ta yamma, in miƙe cikin sabuwar unguwa, zan ga kulob ɗin kusa da lambun Harti.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na isa Royal Tennis Club. Wurin ba shi da girman da mutum yake zato idan ya saba ganin tanis a talabijin. Itatuwa ne masu inuwa, da filaye a jere, da babban fili guda da aka kewaye da kujeru. Wannan ƙanƙanta ita ce daɗinsa. Ɗan wasan da ka saba gani a hoto sai ya wuce ta gabanka da jakarsa a kafaɗa, har kana jin ƙarar takalminsa. Na leƙa babban filin, na tsaya cik. Ƙasar ja ce mai ɗan duhu, an share ta sumul kamar daɓen sabuwar amarya, fararen layuka sun fito raɗau a kanta. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina, irin na yayyafin farkon damina, nan take na koma yaro mai tsintar ƙwallo.

Ya kamata in bayyana wa mai karatu abin da ake nufi da filin jar ƙasa. Filayen tanis iri uku ne: na ciyawa kamar na Wimbledon a Ingila, da mai tauri kamar daɓen siminti, sai na jar ƙasa. Shi wannan na ukun, jan da ake gani a samansa garin gasasshen bulo ne da aka niƙa, kuma kaurinsa bai wuce na ƙwayar gero ɗaya ko biyu ba. A ƙarƙashinsa akwai daɓe mai ƙarfi, a ƙarƙashin daɓen kuma tsakuwa, domin ruwa ya riƙa tsanewa. Idan ƙwallo ta faɗi a kan wannan gari, sai ya ɗan riƙe ta, gudunta ya ragu, ta yi tsalle sama. Bugun da zai wuce abokin karawa kamar walƙiya a kan ciyawa, a nan sai ya iske shi ya riga ya isa yana jira. Saboda haka maki ɗaya yakan ci bugu ashirin ko talatin, ƙwallo na kai da komo a kan raga, har sai wani ya gaji ko ya yi gaggawa.

Lissafin kuma ba shi da wuya idan an saba. Maki yana tafiya 15, 30, 40, sannan a ci wasa. Wanda ya fara cin wasa shida da ratar biyu ya ɗauki turmi, wanda ya ɗauki turmi biyu cikin uku ya yi nasara. A gasar Marakesh mutum 28 ne suke shiga ɓangaren ɗaiɗaiku na maza, wanda aka kayar ya tattara kayansa, zakara kuma ya samu maki 250 a jerin gwanayen duniya. Babu mai canjinka idan ka gaji, babu abokin da za ka miƙa wa ƙwallo. Kai ne da raket ɗinka da ƙafafunka, kamar ɗan dambe a tsakiyar fage.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zamiya. Ɗan wasa yakan taho a guje, saura taku biyu ya isa ƙwallo sai ya saki ƙafa, ya sulale a kan ƙasar, ya buga yana cikin sulalewa, ya tsaya daidai inda zai juya. Kowace zamiya tana barin dogon zane a bayanta. Kafin a gama turmi guda, filin ya cika da rubutu: ga inda aka yi gudu, ga inda aka ja birki, ga inda aka faɗi. Tsakanin maki da maki za ka ga suna ƙwanƙwasa gefen takalmi da raket don ƙasar da ta cushe a tafinsa ta zube. Farar safa kuwa tun a wasa na uku take komawa ja.

A wani wasa na wannan rana na ga abin da ya sa nake ƙaunar wannan fili fiye da sauran. An buga ƙwallo ta faɗi a bakin layi, mai kula da layin ya ɗaga murya cewa ta fita. Wanda ya buga ya ɗaga hannu bai yarda ba. Alƙalin wasa ya sauko daga doguwar kujerarsa, ya taka a hankali don kada ya ɓata shaida, ya durƙusa. Ƙwallon ta bar tabo mai siffar ƙwai a kan ƙasa, gefensa ya ɗan ci farin layi. Kafin alƙalin ya buɗe baki, abokin karawar, wanda shi hukuncin farko ya yi wa daɗi, ya matso ya duba, ya sa tafin takalminsa ya goge tabon. A al'adar wasan, goge tabo yana nufin ka amince ƙwallon ta shiga. 'Yan kallo suka tafa masa fiye da yadda suka tafa wa kowane bugu a ranar. Ƙasar ta ba da shaida, shi kuma ya karɓi gaskiya ko da a kansa ta faɗa. Da yamma Matteo Berrettini na Italiya ya fitar da ɗan ƙasarsu Lorenzo Sonego, ya kai wasan kusa da na ƙarshe.

Amma mutumin da ya fi zama a raina a wannan tafiya bai riƙe raket ba. Duk lokacin da aka gama turmi, sai wasu ma'aikata su shigo da sauri. Biyu su ja wata shimfiɗa mai kama da raga daga wannan gefe zuwa wancan, ta shafe duk zanen ƙafa. Wasu su bi layuka da ɗan buroshi. Daga ƙarshe sai wani dattijo ya jawo mesa. Na zuba masa ido. Ba ya nufar ƙasa da bakin mesar kai tsaye. Yakan ɗora babban yatsa a bakinta, ya ɗaga ta sama, ruwan ya watsu ya sauko kamar yayyafi, yana ja da baya taku ɗaya-ɗaya, launin ƙasar yana sauyawa a gabansa daga ja mai haske zuwa ja mai duhu, babu inda ya kwanta, babu inda aka tsallake. Rana tana tsaka, leɓunansa sun bushe da azumi, ga ruwa yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

Da aka tashi na same shi a inuwa yana naɗe mesa. Na gaishe shi da ɗan Larabcin da na samu a makarantar allo da ta Islamiyya, ya amsa da fara'a. Na ce, "Baba, sau nawa kuke ba ta ruwa a yini?" Ya ce ba a ƙidayawa, ita take faɗa. Idan iska ta taso daga tsauni takan bushe da wuri, idan an yi gajimare takan riƙe laima. Ya ɗebo kaɗan ya murza tsakanin yatsunsa ya nuna mini. "Ɗana, idan ta bushe iska ta kwashe ta, 'yan wasa su yi ta santsi. Idan ta sha da yawa ta zama taɓo. Kwana uku ka ƙyale ta, sai ka yi wata guda kana lallashi." Ya ce da asuba suke fara aiki, su cike ramuka, su bi da abin daddaɓewa, tun kafin ɗan wasa na farko ya farka daga barci. Gasar mako ɗaya ce, amma shi duk shekara yana nan.

Maganarsa ta sa na sake duban tarihin gasar da wani ido. An fara ta a 1984, ta shiga babban jerin ATP a 1990 a Kasablanka, aka kawo ta Marakesh a 2016. A 2020 da 2021 annobar korona ta hana a yi ta. A kan irin waɗannan filaye Maroko ta raini gwanaye uku da suka yi tashe tare: Younes El Aynaoui, da Hicham Arazi, da Karim Alami. Arazi ya ci wannan gasa a 1997, El Aynaoui ya ci a 2002. Shi El Aynaoui har ya kai na 14 a duniya, kuma masu bin wasan ba su manta karawarsa da Andy Roddick na Amurka a gasar Ostareliya ta 2003 ba, wadda turminta na biyar ya ƙare 21 da 19. Gasar Sarki Hassan ta kuma yi suna wajen tayar da waɗanda aka ɗauka sun gama. Pablo Andújar na Sifaniya, bayan an yi masa aiki a gwiwar hannu har sau uku, ya zo nan a 2018 yana na 355 a duniya, ya ɗauki kofin karo na uku.

Safiyar Asabar na keɓe ta don ziyara, domin ɗan ƙasar Hausa ba zai zo Marakesh a watan azumi ya wuce makwancin Alƙali Iyad ba. Shi ne mawallafin Ashafa, littafin da ake karantawa a zaurukanmu da masallatanmu duk Ramadan. Ya rasu a wannan birni a 1149, kabarinsa yana kusa da ƙofar Bab Ailan. A cikin birnin kuma Imam Jazuli mai Dala'ilul Khairati yake kwance. Na tsaya na yi musu addu'a, ina tuna muryar malaminmu yana jan baƙi ana fassarawa. Ba nisa daga nan akwai majema ta Bab Dabbag, da ramukanta da warinta, sak Majemar Kano. Ta wannan hanya ta hamada fatun jajayen awakinmu suka riƙa zuwa arewa a kan raƙuma, har Turawa suka san su da sunan fatar Maroko. A masallatai kuma ƙira'ar Warshu ake yi, irin wadda muka taso da ita a kan allo. Ban ji baƙunta ba ko kaɗan.

Da rana na koma fili. Berrettini ya sha wuya a hannun Mariano Navone, matashi ɗan Ajantina wanda ya tashi a kan jar ƙasa, ba ya gajiya da mayar da ƙwallo. Navone ya ɗauki turmin farko, Berrettini ya danne zuciyarsa ya ɗauki biyun da suka rage. A ɗaya wasan Roberto Carballés Baena na Sifaniya, mai riƙe da kofin 2023, shi ma ya haye. Daren nan shi ne na 27 a lissafinsu. Na bi ayarin mutane zuwa harabar Kutubiyya, sahu ya cika har kan titi, yara sanye da fararen jallabiya, gidaje suna aiko da akusan kuskus don masu tsayuwar dare. Na daɗe ban ga dare mai cika irin wannan ba.

Lahadi 7 ga Afrilu aka yi wasan ƙarshe, kujeru suka cika. Mutanen biyu kowa da irin baiwarsa. Berrettini dogo ne, mita 1.96, bugun farkonsa da na hannun damansa suna da nauyin da ya sa ake masa laƙabi da guduma. Ya kai wasan ƙarshe a Wimbledon a 2021, ya taɓa zama na 6 a duniya, sannan raunuka suka yi masa rubdugu. A gasar Amurka ta 2023 a keken marasa lafiya aka fitar da shi daga fili bayan ya gurɗe a idon sawu, ya yi kusan wata shida bai yi gasa ba, har ya faɗo ƙasa da na 100. Shi kuwa Carballés Baena ba shi da wannan ƙarfi. Jarinsa ƙafa ne da naci: ya tsaya can bayan layi, duk abin da ka aiko ya mayar maka, har ka ƙosa ka yi kuskure.

Turmin farko ya tafi kunnen doki har biyar da biyar. Abin da na lura da shi daga inda nake zaune shi ne Berrettini bai yarda ya yi fushi da ƙasar ba. Idan ya saki guduma aka mayar masa, ba ya ƙara ƙarfi don huce haushi. Sai ya yanko ƙwallon ta bayan hannu, ta tafi ƙasa-ƙasa tana jan ciki, ya tilasta wa abokin karawarsa ya sunkuya, ya jira bugu uku ko huɗu har ƙwallon da yake so ta zo masa ta dama, sannan ya sauke. Da haka ya ci wasa biyu a jere ya ɗauki turmin 7 da 5. A na biyu ƙafafun ɗan Sifaniyan suka fara nauyi, aka tashi 6 da 2. Kofinsa na farko ke nan tun watan Yunin 2022. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi yake dafa dutse, kuma a ranar na ga mai ƙarfi ya ajiye gaggawa ya ɗauki haƙuri kafin ƙasar ta ba shi abin da ya zo nema. Daga nan ayarin 'yan wasan yakan wuce Monte Karlo, da Basalona, da Madrid, da Rum, a rufe kakar jar ƙasa a Roland Garros ta birnin Paris, inda Rafael Nadal ya ɗauki kofi sau 14.

Ana ta ɗaukar hotuna da kofi, ni kuwa idona yana gefen fili. Dattijon nan yana tsaye da mesarsa a naɗe a kafaɗa, yana jiran taro ya watse ya shayar da ƙasarsa kafin a sha ruwa.

A jirgin ƙasa na komawa Kasablanka ranar Litinin, tunanin filin garinmu ya hana ni sakat. Na je na duba shi bara waccan. Ragar ta ruɓe, layukan sun ɓace, ciyawa ta fasa daɓen, awaki suna kiwo a inda muka koyi zamiya. Ba yaƙi ne ya ci shi ba, ba gobara ba. Mai ba shi ruwa ne ya tsufa, ba a sa wani ba. Alhali ba baƙin wasan nan ba ne mu. Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, gasar Dala ta Kano kuma ta daɗe tana tara 'yan wasa daga ko'ina a Najeriya. Jar ƙasa muna da ita, masu gasa bulo muna da su, rana muna da ita shekara duka, yara masu ƙafa da naci kuwa sun cika kowace unguwa.

Don haka kirana ga shugabannin makarantu, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da masu hali da suke son wasan nan: kafin a yi maganar gina sabon katafaren fili, a nemo tsohon da ke kusa a tayar da shi. A ɗinka raga, a ja layi, a kai ruwa, a ɗauki mutum ɗaya a riƙa biyansa hakkinsa a kan lokaci don ya kula da shi safe da yamma, sannan a buɗe wa yara ƙofa, har da waɗanda iyayensu ba su da kuɗin raket. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekara 40 Maroko ta yi tana shayar da filayenta, shi ya sa duniya take zuwa mata duk watan Afrilu. Mu ma mu fara da fili ɗaya.